Abu Ɗaya da Kawu Dobri Ya Canza

A gidanmu ni ake kawo wa tsofaffin hotuna. In wani ya rasu aka share ɗakinsa, duk takardar da aka rasa yadda za a yi da ita sai a ce a kai wa Nevena. Hotunan Kawu Dobrivoje kuwa tun yana raye suka zo hannuna. Shi da kansa ya kawo su a kwalin takalmi, ya ce in ajiye, laima tana cinye su a gidansa. Sun kai sittin, amma babu ko ɗaya da fuskarsa ta fito sosai. Ko dai ƙafafunsa ne suka leƙo daga ƙarƙashin mota, ko kuma ka hango shi can nesa tsugune a bakin kwalta, tafin hannu ɗaya a ƙasa, ya ba mai ɗaukar hoton ƙeya.

Yayan mahaifiyata ne, Dobri kowa ke ce masa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga masana'antar motoci ta birnin Kragujevac, aka sa shi a layin da ake ɗaura wa mota ƙafa. Shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaure sifirin da shokazoba, har aiki ya ja baya aka sallami rabin layin. Ya dawo ƙauye ya mai da rumbun masarar kakanmu gareji. Ba ya taɓa inji. In motarka tari take yi, zai nuna maka hanyar gari. In kuwa gefe take ja, ko tana cin taya ta ciki, ko in ta faɗa rami sai ta yi ta lilo kamar kwale-kwale, to ka zo inda ya dace.

Matarsa, Anti Slavka, ita ke tuƙa motar gidan burodi, tana zaga ƙauyuka bakwai kafin yara su tafi makaranta. 'Yar siririya ce mai saurin magana. Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da suke da shi wata 'yar mota ce mai ƙofa biyu, ruwan ƙwai, irin wadda masana'antar ta fitar da dubbai. Anti ta sa mata suna Akuya saboda tsallen da take yi a hanyar ƙauyenmu. Ranar Asabar Akuya ta kai kaji da buhunan tattasai kasuwa. Ranar Lahadi a cire kujerar baya, a share kashin kajin, a manna mata lamba a ƙofa, ta tafi tsere.

Bayan gonakin masara akwai tsohon filin da jiragen feshin gona suke sauka a da. Ƙungiyar masu motoci ta jera tsofaffin tayoyi da dammunan ciyawa a kan kwaltar, ta fitar da hanya mai kwana tara, ana sakin motoci shida-shida. Kwana ta bakwai ita ce kwanar tanki, don tana zagaye tsohon tankin da ake dama maganin feshi. Doguwa ce, kuma sai ka kai tsakiyarta take ƙara matsewa. A nan ake cin tsere, a nan kuma ake shiga gonar mutane.

Aikinsu a rabe yake. Anti tana ciki, Kawu yana waje. Zai je bakin kwana ya tsuguna har idonsa ya zo daidai da taya, ya dafa ƙasa, ya jira. Motar za ta wuce shi a ƙiftawar ido, amma ya riga ya ga ƙafar da ta durƙusa, da wadda ta ɗaga, da yadda bodin ya kwanta. In Anti ta dawo sai ta faɗa masa abin da ta ji a jikinta, da irin maganarta. Yau motar tana nawa kamar ƙullin da bai tashi ba. Yau bayanta yana rigan gabanta. Shi kuma ya haɗa abin da ta ji da abin da ya gani, ya ɗauko sifana.

Shi kansa bai iya jin mota daga ciki ba. Ya gwada sau biyu ko uku yana saurayi, ya dawo ya ce lafiya lau take, alhali kowa a filin ya ga tana tangaɗi. Anti takan ce ƙugun mijinta kurma ne, ko taya ɗaya ta fice masa a hanya sai ya isa gida zai ji labari a bakin maƙwabta. Ba ya musu. Yakan ce shi ido aka ba shi, ita aka ba ta ƙugu, da ma ba a haɗa wa mutum ɗaya.

Yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. Abu ɗaya ake canzawa, sannan a gwada. In ya rage iskar taya, ba zai taɓa sifirin ba sai Anti ta zaga ta dawo. In ya karkatar da kan tayoyin gaba ciki, ba zai rage tsayin motar ba a rana ɗaya. Wasu makanikai sukan zo da safe su canza abu biyar, in an dace su yi ta bugun ƙirji. Kawu yakan ce wannan ba aiki ba ne, caca ce. In ka canza biyu mota ta gyaru, ba ka san wanda za ka gode wa ba, in ta lalace ba ka san wanda za ka zaga ba. Saboda wannan dokar gyaran da wani zai yi a wuni guda yakan ɗauke su damina guda, amma abin da suka gyara ba ya dawowa.

Wanda ya fi kowa shan wahalar hakan shi ne Milutin mahauci. Ƙato ne, kilo ɗari da goma, motarsa ta fi Akuya inji nesa ba kusa ba. Shekara goma sha ɗaya yana wuce Anti a miƙaƙƙiyar hanya, ita kuma tana karɓe wurinta a kwanar tanki. Mai burodi yake ce mata, ita kuma ta ce masa mai ƙashi. In an tashi yakan kawo musu tsiren da ya gasa a bayan motarsa, ya zauna yana rantsuwa cewa Lahadi mai zuwa sai ta ga hayaƙinsa.

Tseren Anti na ƙarshe a watan Satumba ne, shekara shida kafin abin da zan ba da labari. Ta zo ta biyu, Milutin ya ci. Ta cire hular kwano, gashinta ya manne da gumi, ta ce wa Kawu, "Hancinta ba ya son shiga, Dobri. Ina juya sitiyari, ita kuma tana cewa gonar masara za ta."

Ya ce ya gani. Tayar gaba ta waje tana gogar ƙasa maimakon ta riƙe. Ya ce ta ba shi sati uku, kafin taro na gaba zai gyara.

A cikin sati ukun nan ciwon da take ɓoyewa a gefen cikinta ya kayar da ita a bakin wani shago, da kwandon burodi a hannu. Aka kai ta asibiti. Ba ta sake riƙe sitiyari ba. Ta rasu a watan Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe hanya har sai da aka sa tarakta a gaban motar gawa. Allah ya jiƙanta.

Bayan kwana arba'in, da aka raba dafaffiyar alkama a maƙabarta bisa al'adarmu kowa ya watse, Kawu ya koma gareji ya rufe ƙofa. Mahaifiyata ta yi zaton sayar da motar zai yi, ko ya lulluɓe ta ya manta. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce ya yi alkawarin gyara, zai gyara.

Sai dai dokarsa ta ɗaure shi. Motar tana nan yadda Anti ta sauka daga cikinta, kuma abu ɗaya kawai yake da ikon canzawa kafin a gwada. Don haka ya bar komai yadda yake. Ya daina zuwa kasuwa da ita don kada wani abu ya ci, ya koma hawa keke. Tayoyin ma su ne na ranar, bai yarda rana ta taɓa su ba, duk wata yakan ɗaga motar a jak ya juya su don kada su kwanta ta gefe ɗaya. Ya aro sikeli huɗu na gidan niƙa, ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa. A kujerar direba ya ɗora buhun masara mai kilo hamsin da bakwai, nauyin Anti ke nan, ya ɗaure shi da bel. Ɓeraye suka gano buhun a hunturun farko. Daga nan duk ranar da zai yi awo sai ya fara auna buhun, ya cika abin da suka ci da ludayi.

Zai zaɓi abu ɗaya, a ce sifirin gaba mai ɗan laushi. Ya ɗaura, ya sauke motar a kan sikeli, ya auna tsayin kowace kusurwa da tef, ya danna bodin da hannu ya saki yana kallon yadda yake dawowa. Sai ya zauna a kan bokiti yana lissafi. Bayan sati biyu ko wata guda ya kwance, ya mayar da na Anti, ya ɗauko wani tunanin. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai bar wanda ya ɗaura ba, tunda da kansa ya ce zai taimaka. Ya ce zai taimaka, amma ba shi ne ba. Harsashi ɗaya gare shi, ba zai harba a kan wataƙila ba.

Kowace Asabar mahaifiyata takan ba ni tukunyar wake da busasshen nama in kai masa. A tsaye yake ci, a bakin teburin aiki, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa ba mai saurara. Cikin gidan ya koma kwana kawai. Itatuwan tuffa da Anti ta shuka suka yi ta zubar da 'ya'ya ba mai tsinta, sai ƙudan zuma. Masu kawo gyara ma suka ragu, domin sababbin motoci sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi abin da ke damunsu. Mahaifiyata ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce ya dawo gidanmu ga ɗaki babu kowa. Ya ce, "Zorka, wa zai juya tayoyin?" Ta ce wallahi Yaya ya fi kula da roba a kan ƙafafunsa da suka fara kumbura. Ya yi murmushi ya ci gaba da cin wakensa.

Ranar da ake tsere kuwa ba ya fashi. Zai hau keke ya je ya tsuguna a kwanar tanki yana kallon motocin wasu. In an tashi ya bi mutum ya ce masa ƙafarka ta baya ta hagu ta gaji, ko ka cika wa na gaba iska. Ba ya karɓar ko dinari. Wasu su gode, wasu su ce to, oga, su juya suna dariya. Akuya dai tana gida.

A shekara ta huɗu ya tsai da magana. A ƙarƙashin motar ta baya akwai sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafafun biyu, ita ke hana bodi kwanciya a kwana. Ya ce in bayan ya ɗan ƙara tauri, zai ɗauke wa tayar gaba wani nauyin, hancin ya samu ya shiga. Ya samo ƙarfe a wurin masu fasa tsofaffin motoci, ya kai wa wani maƙeri a ƙauyen gaba, suka lanƙwasa sanda da ta fi tsohuwar kauri da milimita uku. Ya ɗaura. Wannan karon bai kwance ba.

Daga nan sai abin ya tsaya cik, shekara biyu. Gyara ya ƙare, babu mai gwadawa. Shi in ya shiga, kilo casa'in da shida ne, kuma ba zai ji komai ba, kuma babu mai tsugunawa a kwana ya gani masa. Mutane sun yi tayi. Wannan ya yi nauyi, wancan hannunsa daban, wani kuma ba a inda Anti take taka birki yake takawa ba. Direba ma abu ne, in ji shi, in ka canza shi ka canza na biyu ke nan.

A ƙarshen damina ta shida labari ya zo cewa an sayar da filin, za a gina rumbunan ajiyar kaya. Taro na ƙarshe Lahadi ta biyu ga Oktoba. Mahaifiyata ce ta faɗa masa, tana gasa tattasai a tsakar gida, hayaƙi yana sa ta hawaye. Ya tsaya da keke a hannu, ya tambayi ranar sau biyu, ya juya ya tafi bai sha kofin da aka zuba masa ba. Duk wanda ya san shi ya san lissafin da yake yi. In aka fasa kwaltar nan babu kwanar tanki, kuma a kwanar tanki aka yi alkawari.

Saura kwana takwas, ina garejin na kawo wake, wani tsoho ya turo ƙofa. Jaket ɗinsa kamar na aro, wuyansa duk fata. Sai da ya yi magana na gane Milutin ne. An yi masa aiki a ciki bara, an yanke fiye da rabin tumbinsa, ya bar shagon wa surukinsa. Ya dubi buhun da ke ɗaure a kujera ya ce ashe mai burodi ta samu magaji, kuma daga gani wannan ya fi Dobri iya tuƙi.

Kawu bai yi dariya ba. Kallonsa kawai yake yi, daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa mota.

"Kilo nawa ka koma?"

"Ka gaishe ni tukuna, kai."

"Hau nan."

Ya janyo sikeli ɗaya. Milutin ya hau yana mita. Sittin da ɗaya. Kawu ya ce ya cire jaket da takalmi da tarin makullan da ke aljihunsa. Hamsin da takwas da rabi. Kawu ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ce nauyi ya kusa, amma hannu fa.

Milutin ya zauna a kan bokiti yana mayar da takalmi. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina kallon gindin motar nan, Dobri. Na san inda fitilar birkinta take kamawa, daidai fashewar kwalta ta biyu. Na san inda take saki. Ko matata ban kalla haka ba. In akwai mai tuƙin Slavka a duniya, to wanda ta yi ta kayarwa ne."

Kawu ya mayar da sikelin wurinsa, har na ɗauka ya ƙi. Can ya ce ranar Lahadi kada ya karya, kofi kawai. Milutin ya ce da ma abin da likita ya bar masa ke nan.

Ranar ta zo da rana mai kyau da ɗan sanyi. An girbe masara, filin ya buɗe ta ko'ina. Mutane sun fi kullum yawa, har da waɗanda suka bar tsere tun ina 'yar firamare. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta iya kallo ba, ta ba ni burodi da cuku in kai. Kawu ya tuƙo Akuya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ta shigo wasu tsofaffi suka cire hula. Ya auna iskar kowace taya, ya dubi takardar da ke aljihunsa, ya sake aunawa. Sannan ya taka zuwa kwanar tanki, ni kuma na tsaya a bayan dammunan ciyawa kusa da shi.

Aka sake su wajen ƙarfe ɗaya. Tun daga nesa na ga akwai matsala, ni da ban san komai ba. Akuya ta zame a kwana ta biyu, ta juya gaba ɗaya a ta huɗu ta tsaya tana kallon inda ta fito. Kafin ta iso tanki Milutin ya rage gudu kamar mai bin gawa, duk da haka ƙafafun huɗu suka tafi tare, gaba da baya, kamar a kan ƙanƙara. Kawu bai ga komai ba, don babu abin gani. Motar da ba ta riƙe ƙasa ba ba ta kwanciya, ba ta ɗaga ƙafa.

Da muka koma wurin ajiye motoci, Milutin ya riga ya fito. Ya durƙusa ya danna farcen babban yatsansa a tayar gaba. Ko alama bai bari ba. Ya je motar da ke kusa ya danna, farcen ya nutse.

"Na yaushe ne waɗannan?"

"Nata ne. Na ranar."

"Katako ne, Dobri. Ko akushi za a iya sassaƙawa da su."

Kawu ya ce zanen bai ci ba, rana ba ta taɓa su ba, iskar ma daidai da ta ranar. Ya ce bai canza komai ba sai sandar. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar ɗalibin da ake tuhuma.

Milutin ya miƙe da ƙyar yana dafa bodin. Ya ce, "Kai ba ka canza ba. Shekara shida ce ta canza maka."

Mutumin da ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin mota ya san roba tana bushewa. Ya faɗa wa mutane ɗari. Na ga lokacin da abin ya iso masa, ya sa hannu ya shafa tayar, ya bar hannun a kai.

Akwai wani mai kiwon zuma, Obrad, da injin motarsa ya buga tun da safe, tana ajiye a gefe da sababbin tayoyi, irin ƙafa ɗaya da Akuya. Ya matso ya ce ga su nan, oga, zaman banza suke yi. Rukuni na ƙarshe ƙarfe uku da rabi ne, ƙarfe huɗu za a rufe ƙofa. Kawu ya dubi tayoyin Obrad, ya dubi na Akuya. Kowa a wurin ya gane inda aka tsaya. In ya bar tayoyin Anti, ba zai ga komai ba. In ya sa na Obrad zai gani, amma abu biyu ya canza.

Ya zauna a kan ciyawa ya jingina da ƙofar motar. Na miƙa masa burodi ya karɓa ya riƙe. Aka saki rukuni ɗaya, aka saki wani. Milutin ya je ya sha ruwa ya dawo ya zauna kusa da shi. Ƙarfe uku saura kwata Kawu ya ajiye burodin a kan bonet, ya ɗauko jak.

Bai bar kowa ya taya shi ba. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ciyawa yadda suke a jikin motar, ta gaba a gaba, ta baya a baya. Ya ɗaura na Obrad, ya bi kowane noti sau biyu. Ya leƙa ta taga ya ce wa Milutin, "Fashewa ta biyu. Kada ka yi naka." Milutin ya ce ya ji, tsoho, je ka tsuguna.

Gwiwoyinsa ba sa son tsuguno yanzu, sai da ya dafa kafaɗata ya sauka. Zagaye na farko Milutin ɗumama tayoyi kawai ya yi. A na biyu ya zo da gudu. Fitilar birki ta kama daidai fashewar kwalta ta biyu, ta mutu. Hancin Akuya ya sunkuya ya shige ciki kamar an ja shi da igiya. A tsakiya, inda kwanar take matsewa, tayar baya ta ciki ta ɗaga daga ƙasa kamar yatsu huɗu, ta tsaya a iska, motar ta zagaye tankin a kan ƙafa uku ba ta kauce ko taƙi ɗaya ba, ta sauke ƙafar ta tafi. Ta sake yi a zagaye na uku, ta sake a na huɗu, kamar an buga hatimi.

Tsofaffin da ke bayanmu suka yi ta tafi. Wani ya daki bayan Kawu ya ce hannunka zinariya ne, oga. Shi yana nan tsugune, tafinsa a kan kwalta, har aka kaɗa tuta motoci suka daina zuwa. Sai da na kira shi sau biyu ya ɗago hannu in tashe shi.

Milutin ya fito yana haki, idonsa ja. Ya ce da haka motar nan take a wancan Satumba, da ko ƙurarta bai gani ba. Ya rungume Kawu, Kawu ya bari aka rungume shi. Daga nan ya kwance tayoyin Obrad ya mayar masa da su jikin motarsa da hannunsa, ya gode, ya ɗaura tsofaffin. Masu ƙungiya sun fara loda dammunan ciyawa a tirela muka fito. A hanya muka tarar da tarakta tana jan itace, ya bi bayanta har ƙauye bai wuce ta ba.

Mahaifiyata tana bakin ƙofa, ta goge hannu a zane. Ta sa ya shigo, ta zuba masa miya mai zafi, ta zauna gabansa. Ya ci rabi.

"Yaya, ta shiga?"

"Ta shiga."

"To alhamdu lillahi. Ka gyara ke nan."

Ya juya cokalin a cikin kwano. Ya ce, "Ban sani ba, Zorka. Wataƙila sandar ce. Wataƙila kuma tun a wancan Satumba tayoyin sun gaji, da na sayo mata sababbi ranar Litinin da shi ke nan."

Mahaifiyata ta dube ni. Sai ta jawo tukunyar. Ta ce ya ƙara miya, ya ce ya ƙoshi. Ta ce ya zauna tukuna, rana ba ta faɗi ba. Ya ce akwai motar wani malamin makaranta da ke jiransa, tana cin taya ta ciki, ya yi masa alkawarin gobe da safe.

Muka raka shi bakin ƙofa. Ya shiga, ya tayar, ya sa hannu ta taga. Mahaifiyata ta tsaya riƙe da ƙyauren har ya sha kwanar coci, sannan ta ce in shigo da kwanonin.